Kafin a Ce Maka Shigo: Waiwaye Kan Kwamfuta a Magariya da Dungas

A farkon shekarun 2000, duk ɗan Magariya da ya ƙudura niyyar koyon kwamfuta, kuɗin mota yake fara nema. Ko ya yi arewa, tafiyar kimanin kilomita 90 zuwa Damagaram, ko ya yi kudu ya tsallaka iyaka ta Tinkim, ya bi hanyar Babura ya faɗa Kano. Mutanen Dungas su kuma ta Maigatari suke fita, daga nan Gumel, daga nan Kano. Lokacin ma Dungas ba ta zama gundumar kanta ba, tana ƙarƙashin Magariya, sai a 2011 aka raba su. 'Yan na'urorin da ke cikin gari na ofisoshin gwamnati ne da na ƙungiyoyin agaji, kowace a lulluɓe da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, kuma mutum ɗaya tak ke da izinin taɓa ta. In kana da takardar da kake so a buga, sai ka miƙa masa rubutun hannu, ka koma gefe ka jira.

Ni a Damagaram na koya, a wani ɗan ɗaki mai ƙarancin na'urori da yawan ɗalibai, mutum uku ko huɗu a kan allo ɗaya. Malaminmu yana da doka guda da ba ya sassautawa: babu mai taɓa linzami sai ya iya baƙin allo. Baƙin allo shi ne tagar nan ta MS-DOS, babu hoto babu ado, sai wata 'yar alama da ke ƙyaftawa tana jiran umarni. Ka rubuta dir, ta jero maka abin da ke cikin folda. Ka rubuta cd, ka shiga wata. Ka rubuta copy, ka kwafe fayil. In ka kuskure harafi ɗaya sai ta ce ba ta san zancen ba. A lokacin Windows ya riga ya mamaye ofisoshi, kowa na ganin baƙin allo ya gama yayi, amma malam ya kan ce mai danna hoto abin da aka shirya masa kaɗai yake iya yi, mai rubuta umarni kuwa shi ke gaya wa na'ura abin da yake so. Tsohon salo ne ƙwarai, ya girmi dukanmu da ke ɗakin. Tun 1969, da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara aikin Unix a Amurka, haka masu sana'ar ke magana da na'ura, kuma ba su taɓa dainawa ba. Mu ne dai a nan muka daina gani.

Abin da na fi tunawa daga wancan zamani shi ne yadda manhaja ke zuwa hannunmu. A faifai take zuwa, daga baya a filas, wanda mu a Nijar muke kira kile. Mutum ɗaya ya samo daga Kano ko Yamai, sai ta zaga gari hannu da hannu. Tsakanin 2004 da 2011 kamfanin Canonical ma kyauta yake aiko da faifan Ubuntu ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya, in dai ka iya rubuta adireshinka ka kuma iya haƙurin jira. Ka sa faifai, ka girka, shi ke nan. Babu mai tambayarka ko kai wane ne, babu mai neman lambar wayarka, kuma ko shekara ka yi babu intanet manhajar na nan tana aiki. Abin da muka rasa shi ne mai koyarwa. Kana cikin aiki sai wani saƙon kuskure ya fito da Turanci, ka kwafe shi a takarda harafi bayan harafi, ka ninke ka sa aljihu, sai ranar da wani masani ya zo gari ko kai ka samu tafiya. Na san matasa masu kaifin ƙwaƙwalwa da suka bar koyon rubuta manhaja a kan layi ɗaya da ya ƙi aiki, don kawai babu wanda za su tambaya tsakanin Bande da Malawa.

Sai salula ta zo ta canza komai, amma ta wata hanya dabam. Celtel ta fara aiki a Nijar a 2001, ta koma Zain a 2008, ta koma Airtel a 2010. Orange ta shigo a 2008, aka sayar da ita a 2019 ta zama Zamani. Moov na nan, ga Niger Telecom da aka haɗa daga SONITEL da SahelCom a 2016. A ƙauyukan bakin iyaka kuwa sau da yawa layin Najeriya ya fi na gida ƙarfi, shi ya sa waya mai sim biyu ta zama ta kowa. Yaran da suka taso a wannan tsakani sun ƙware a WhatsApp da Facebook, suna tura kuɗi ta Nita da Amana, suna gyara bidiyo da babban yatsa. Amma da yawansu ba su taɓa zama gaban madannin rubutu ba, kuma in ka tambaye su inda fayil ɗin da suka sauke yake a cikin wayar, sai su ce yana cikin waya. Ba laifinsu ba ne. Haka aka ƙera salular, don kada mai ita ya damu da abin da ke ƙarƙashi.

Shi ya sa abin da ya faru a 2025 ya ba ni mamaki. Tun watan Nuwamba na 2022 da ChatGPT ya fito, mutane suka saba da yi wa ƙirƙirarriyar basira tambaya a burauza ko a waya. Sai ga shi kamfanonin sun koma baƙin allo. Anthropic ya fito da Claude Code a watan Fabrairu na 2025, OpenAI ya fito da Codex CLI a Afrilu, Google ya biyo baya da Gemini CLI a Yuni. Dukansu a tagar umarni suke zaune, wadda masu sana'ar ke kira tarminal. Bambancinsu da mai hira a burauza shi ne, waɗannan suna shiga cikin aikinka. Za ka buɗe su a cikin foldar da kake aiki, ka gaya musu da magana irin ta yau da kullum abin da kake so, su karanta fayilolinka, su rubuta kod, su gwada shi, in ya ƙi aiki su karanta saƙon kuskuren da kansu su gyara. Saƙon nan da muke ninkewa a aljihu har wata guda, yanzu cikin daƙiƙu ake warware shi.

Na ga yadda ake girka ɗaya daga cikin waɗannan mataimaka a hutun damina, a hannun ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram. Kwamfutarsa ta gwanjo ce daga Kano, batirinta ba ya wuce awa ɗaya. Da safe yana gona, don haka sai bayan isha'i yake zama, lokacin da rezo, wato sabis ɗin waya, ke ɗan sakin jiki. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jingina salularsa a kan katanga inda ya san ta fi kamawa, ya raba wa kwamfutar intanet daga cikinta, sannan ya kira ni.

"Kawu, zo ka ga abinku na da ya dawo."

Da farko sai da ya sauko da Node.js, wato manhajar da irin waɗannan kayan aiki ke hawa a kanta, mai ɗauke da wani ɗan aike da ake kira npm, wanda aikinsa shi ne ɗauko manhajoji daga rumbunsu na intanet. Ya rubuta node -v don ya tabbatar ta zauna, lambar sigarta ta fito. Sannan ya rubuta layi ɗaya, npm install -g da sunan mataimakin a gaba, ya danna. Muka zuba wa allo ido. Rezo ya yanke a tsakiya, jan rubutu ya cika allon, ya tashi ya gyara wa salular zama, ya sake. Da ta kammala ya rubuta sunan mataimakin shi kaɗai, sai ga gaisuwa ta fito, a ƙarƙashinta kuma ana cewa ya shiga da asusunsa.

"To ai ka gama," na ce masa.

"A'a Kawu, yanzu aka fara. Girkawa ba ta da wuya. Shigar ce aiki."

Ga yadda shigar take. Mataimakin zai buɗe maka burauza da kansa, ya kai ka shafin kamfanin da ya yi shi. A can za ka sa imel da kalmar sirri, a tambaye ka ko ka yarda manhajar da ke baƙin allo ta yi aiki da sunanka, ka ce ka yarda. Sai shafin ya miƙo wa manhajar wani dogon mabuɗin sirri, ta adana shi a wani lungu na kwamfutarka, don kada ta riƙa tambayarka kullum. In burauzar ta ƙi buɗewa, a kan ba ka adireshi ka buɗe da hannunka, ka kwafo wasu haruffa ka liƙa a baƙin allon. Akwai kuma masu shiga da mabuɗin da ake kira API, wanda ake cajin mai shi daidai da yawan aikin da aka yi. Ga wanda ke zaune a Paris ko Abuja, duk wannan bai kai minti biyu ba. Ga ɗan Wacha ko Dogo-Dogo kuwa, kowane mataki yana tambayar wani abu da ba lallai ne yana da shi ba.

Ɗauki imel tukuna. Da yawa cikin matasanmu suna da shi ba su sani ba, domin mai shagon waya ne ya buɗe musu ranar da suka sayi salular, ya sa kalmar sirrin da ya ga dama, ya manta, su ma ba su tambaya ba. Sai ranar da aka ce a shiga da shi a wata na'ura ake gane babu mai mabuɗin. In an ce a dawo da kalmar sirri, sai a tura lamba zuwa layin da aka yi rajista da shi. To wane layi? A nan ne zaman bakin iyaka ke nuna halinsa. Mutane da dama da layin Najeriya suka buɗe asusunsu, don shi ke kamawa a garinsu. Daga watan Disamba na 2020 Najeriya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, a 2024 kuma aka rufe layukan da ba a haɗa ba. Ɗan Nijar da ba shi da NIN ya wayi gari layinsa ya mutu, duk asusun da ke rataye da shi kuma ya bi shi. Wanda ya tsara shafin shiga bai san da mutumin da ke kwana a ƙasa ɗaya yana cin kasuwar Alhamis a wata ba, amma a wajenmu irin wannan mutumin shi ne mafi yawa.

Sai maganar kuɗi. Tsarin biyan wata-wata da aka fi sani a waɗannan kamfanoni dalar Amurka 20 ne, abin da ya kama jaka 11 zuwa 12 na sefa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka 42 ne tun farkon 2024, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu na albashin ƙaramin ma'aikaci ke nan, ballantana ɗalibi. Ko kana da kuɗin ma, da me za ka biya? Shafin katin banki yake nema, irin wanda ke aiki a ƙasashen waje. Mu kuwa harkar kuɗinmu ta tsaba ce da ta wuraren aike, naira a aljihun dama, sefa a na hagu. Waɗanda ke da asusu a bankunan Najeriya su ma sun sha jira, domin daga 2022 bankuna da yawa sun dakatar da sayayyar ƙasashen waje da katin naira, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da ita. Abin da ya rage wa yaro shi ne ya roƙi wani yayansa da ke Yamai ko wata ƙasa ya biya masa, ko su haɗa kuɗi su biyar su yi amfani da asusu ɗaya, abin da ƙa'idar kamfanonin ba ta yarda da shi ba, kuma a kan iya rufe asusun a kansa. Gemini CLI ya fito da sauƙi a nan, domin lokacin da aka ƙaddamar da shi an bai wa mai asusun Google damar tura buƙata har 1,000 a rana kyauta. Wannan ya buɗe wa ɗalibai da yawa hanya, kuma ya cancanci yabo. Sai dai kyauta ta mai bayarwa ce, shi ke da ikon ƙarawa ko ragewa.

Ina so in daɗe a kan abin da ya biyo bayan shigar, domin a nan ne na ga amfanin abin da idona, a nan kuma na ga iyakarsa. Ɗan ƙanwar tawa ya karɓo littafin bankin hatsi na wani ƙauye, irin bankunan da ake tara gero da kaka a sayar wa mutane da rahusa lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Kwamitin na so a san wanda ya karɓa, tiya nawa, nawa ya biya, nawa ake binsa. Ya kwafe littafin cikin na'ura, ya gaya wa mataimakin da Faransanci abin da yake so. Kafin shayi ya nuna, an rubuta manhajar, an gwada ta, ga jimilla a allo. Aikin da a zamaninmu sai mutum ya yi wata yana fama, in ma ya iya. Duk lokacin da mataimakin zai taɓa fayil ko ya gudanar da wani umarni, sai ya tsaya ya nuna abin da zai yi, ya nemi izini.

Yaron ya dubi jimillar ya girgiza kai. "Kawu, wannan kuɗin ya yi kaɗan. Ba a taɓa sayar da tiyar gero haka ba."

Da muka koma kan littafin sai muka ga dalili. Mutum biyu ne suka riƙe shi. Ɗaya ɗan lakwal ne, wato ɗan boko, yana rubuta kuɗi da lissafin faran. Ɗayan a ajin yaƙi da jahilci ya koyi rubutu, yana rubuta kuɗi yadda ake faɗarsu a kasuwa, da lissafin dala. In ya rubuta 100, ɗari yake nufi irin ta bakin mai awo, wato faran 500. Manhajar ta tara lambobin duka a matsayin abu ɗaya, kuma ba ta yi kuskure a tarawa ba. Babu wanda ya gaya mata ne. Ga kuma wasu da suka biya da naira, a ranaku dabam-dabam, canji na hawa yana sauka. Bayan wannan sai mataimakin ya lura akwai sunayen da suka maimaitu, ya ba da shawarar a haɗe su. A wani wajen ya yi daidai, domin Ousseini da Usaini mutum ɗaya ne, alƙalami biyu suka rubuta shi. A wani wajen kuwa mutum biyu ne masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, a gari da laƙabi ake bambanta su, ɗaya ya biya, ɗaya ana binsa. Da yaron ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba, da an ɗora wa mai gaskiya bashin da bai ci ba, a kuma karanta shi a gaban jama'a da sunan na'ura ce ta faɗa.

Wannan ne ya sa nake ganin dokar malaminmu ta fi amfani yau fiye da ranar da ya kafa ta. Mai amfani da irin wannan mataimaki dole ya san folda, ya san inda yake tsaye a cikin na'urarsa, ya iya karanta umarni ya bambanta mai kwafewa da mai gogewa kafin ya ce na yarda. Ya kamata kuma ya san Git, manhajar da ke adana tarihin kowane canji, don in an ɓata a iya komawa baya. Tambayar iznin da ke fitowa a allo ba ta da amfani ga wanda bai fahimci abin da ake tambayarsa ba, zai danna ne kawai ya wuce. Kuma akwai ilimin da babu shi a rumbun kowane kamfani: farashin tiya a watan Agusta, da sanin wane ne wane a gari.

Abin da ya fi damuna shi ne dogaro. Faifan da ke hannuna a da, nawa ne. Wannan kuwa abin da ka girka a kwamfutarka ɗan saƙo ne kawai, ainihin ƙwaƙwalwar na can cikin manyan na'urori a wata nahiya. Rezo ya yanke, ya yi shiru. Wata ya ƙare ba ka biya ba, ya yi shiru. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma mu mutanen kudancin Damagaram ba sai an ba mu labari ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a farkon Agusta, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can take zuwa. Aka rufe iyaka, harkar bankuna ta shiga mawuyacin hali. Sai a watan Fabrairu na 2024 aka ɗage takunkumin. A cikin waɗannan watanni kowa ya ga yadda shawarar da aka yanke a wani babban birni ke kashe firji a shagon mai ƙanƙara. Yaron da duk iyawarsa ta rataya a kan asusun da wani ke iya rufewa, a irin wannan rana hannu rabbana zai tashi. Akwai nau'o'in basirar da ake saukewa a yi aiki da su babu intanet, ta manhajoji irin su Ollama, amma suna son na'ura mai ƙarfi, kwamfutocin gwanjon da ke hannun yaranmu kuwa da kyar suke ɗaukar ƙanana daga cikinsu. Duk da haka ina ganin ya kamata jami'a ta sa ido a wannan fanni.

Akwai kuma batun amana. Duk fayil ɗin da mataimakin ya karanta, an tura abin da ke cikinsa zuwa na'urorin kamfanin ke nan. Littafin bankin hatsi yana ɗauke da sunayen mutane da bashin da ake binsu. Gobe wani zai kawo rajistar asibiti, ko jerin matan da ke karɓar tallafi. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, amma yaron da ke zaune a kan tabarma da dare shi ne mai yanke hukunci na ƙarshe a kan abin da zai fita. Na ji daɗi da na ga ɗan ƙanwata, bayan mun tattauna, ya maye gurbin sunayen da lambobi, ya ajiye jerin asalin a takarda. Haka nan mabuɗin sirrin da ke ɓoye a na'ura. Kwamfuta a wajenmu ta gida ce, ta abokai ce, wani lokaci ta shagon buga takardu ce. Wanda ya shiga da asusunsa a na'urar da ba tasa ba ya tashi bai fita ba, ya bar wa na bayansa damar aiki da sunansa da kuɗinsa. Wanda kuma ya ɗauki hoton allo mabuɗinsa na ciki, ya tura zauren WhatsApp yana neman taimako, ya raba wa duk 'yan zauren.

Harshe kam an samu sauƙi. Saƙonnin baƙin allo har yau da Turanci suke, yaranmu kuma da Faransanci suka yi karatu, wannan ya daɗe yana sa 'yan'uwansu na Daura da Gumel suna riga su. Yanzu yaro na iya liƙa saƙon ya ce a yi masa bayani da Faransanci, a yi masa. Da Hausa ma ana samun amsa, ko da yake ta kan yi tuntuɓe a kan maganar kasuwa da ta gona. Tunda Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya dace a ce masu rubuta manhajar da za ta iya ƙ da ɗ da ɓ, ta jera sunayenmu daidai, daga cikinmu suka fito.

Hanya ma ta fara buɗewa. Aikin shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa da ke ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa wa, yana da reshe daga Damagaram ta Magariya zuwa iyakar Najeriya. Starlink ya fara aiki a Nijar a watan Maris na 2025. Faranti mai kama hasken rana ya yi arha fiye da da, har a rufin shagon mai cajin waya za ka gan shi. Amma har yanzu kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a ƙasar nan, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Waya ta bi ta gefen titi ba ta nufin ta shiga aji. A ƙidayar 2012 gundumomin Magariya da Dungas sun haura mutum dubu 900, yau sun fi haka nesa ba kusa ba, kuma akasarinsu yara ne da matasa. Ƙasar da ke noma rake a fadamun Korama, ta fitar da riɗi da wake, ta kora dabbobi zuwa Maigatari kowane mako, tana da lissafin da ya isa ya ba matasa masu yawa aikin yi, in sun samu wurin zama su koya.

Saboda haka kirana ga masu riƙe da ragamar ƙananan hukumomi 11 na gundumomin nan biyu, da shugabannin makarantun sakandare, da 'yan kasuwarmu, da 'ya'yan yankin da ke aiki a Yamai da Kano da ƙasashen waje: a samar da ɗaki ɗaya a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma, da farantin hasken rana, da intanet mai tsayawa, da kwamfutoci ko da goma ne, a buɗe shi har dare, a ware wa 'yan mata lokacinsu. A nemi hanyar biyan kuɗin asusu ta halal da sunan makaranta, don kada yaro ya riƙa bin layin wani. Malamin da za a ɗora a ɗakin kuma ya fara da koya wa kowane ɗalibi buɗe imel da hannunsa a kan layin da ke da rajista da sunansa, ya koya masa baƙin allo da karanta kod, kafin ya bar shi ya girka mataimaki.